Kar a Faɗa wa Auta

"Ki ce ba za ki kira ta ba," in ji Mai Ɗinki, tana numfashi da ƙyar.

Mai Wanki, maƙwabciyarta da suka haɗa bango, ta gyara mata matashi. Ɗakin fayau yake, daga katifa sai keken ɗinki da tarin ƙyallaye. Tun 'yarta Auta na firamare Mai Ɗinki take cire wani abu daga kuɗin ɗinkin kowace riga tana ajiyewa don kuɗin jami'a. Ko da ciwo ya ci ƙarfinta, ta ce asibiti ba zai taɓa sisin yarinya ba.

"Gobe ake rufe rajista. In ta taso yau, gurbin ya tafi, kuɗin ma ya bi ruwa."

"To, na ji. Sha ruwa."

Gaskiya ɗaya ce, Mai Wanki ƙyashi take yi, irin mai hana barci. Ɗanta ya fi Auta cin jarrabawa nesa ba kusa ba, ga shi can yana wanke motoci a bakin titi. Da can dariya take yi wa Mai Ɗinki: "Ke dai kin iya maƙo, ko labule babu!" Yanzu kuwa har wannan ciwon take yi wa ƙyashi, domin mai shi tana da abin da take mutuwa a kansa.

Da la'asar numfashin ya fara sarƙewa. Sai ga waya tana ƙara a gefen katifa, Auta ce.

Mai Wanki ta ɗauka. Kalma biyu ta isa: taho gida. Wa zai zarge ta? Kowa cewa zai yi ta kyauta, ta haɗa 'ya da uwa. Auta ta dawo unguwa ta zauna kamar ɗan kowa, a huta da jin "ɗalibar jami'a" safe da yamma. Har ta ji daɗin abin a bakinta.

"Mama, layi ya kusa zuwa kaina!"

"Ni ce, 'yar nan."

"Au, Inna, ina wuni? Ina Mama? Jikin nata fa?"

Mai Ɗinki ta buɗe ido tana kallonta, ba bakin magana.

"Barci take yi," in ji Mai Wanki. "Ki tsaya a layinki, kar wani ya shige gabanki."

Kafin rana ta faɗi rai ya yi halinsa. Mai Wanki ta rufe mata ido, ta ja zane har wuya.

Wayar ta yi haske. Hoto ne, Auta riƙe da katin ɗalibi tana dariya har kunne. Mai Wanki ta daɗe tana kallo. Sannan ta jingina wayar da matashi, ta juya ta wajen fuskar Mai Ɗinki, ta zauna har hasken ya mutu.