Ƙwayar Litinin da Alhamis

Wata bakwai ke nan Inna Asabe ba ta kusanci murhun banda ba. Tana zama a bakin rumfa da carbi, tana kallon ƙanwarta Dudu na jera tarwaɗa a kan waya, tana faɗin inda wuta ta yi yawa. Dudu kan amsa da to, ta ci gaba da yadda ta ga dama.

Farfaɗiyar Inna ba mai kayar da mutum ba ce. Hannun hagu ne ke fara rawa, ido ya kafe, baki ya yi ta motsi kamar tana tauna, minti biyu ko uku, sai ta dawo tana tambayar me ake cewa. A haka hannun ya sauka kan wayar banda, ya bar mata tabo har gwiwar hannu. Likita a Yelwa ya ce sai ta yi wata uku cur ba ciwo kafin ta koma bakin wuta. Ya ba da magani, bai riƙe ba. Ya ƙara na biyu. Duk da haka kowane mako sai ciwon ya leƙo.

'Yarta Yasira ce ke zagaye ranakun ciwon a kalandar bango, kamar yadda likitan ya nema. Ta gaji da biron, ta gaji da kwale-kwalen da ke kai su Yelwa, da bencin asibiti. A zuwan ƙarshe likita ya ce idan bai lafa ba za a ƙara na uku, ko a tura su Sakkwato.

Ranar komawa, Yasira ta buɗe kwallar Inna tana neman katin asibiti. A ƙarƙashin zannuwa ta ci karo da ƙullin leda cike da ƙwayoyi, farare da masu ruwan ɗorawa. Ta fito da shi tsakar gida.

"Inna, wanga fa?"

"Na ranakun azumi ne. Ajiye su, kada su ɓace."

Ashe tun da ciwon ya ƙi ji, Inna ta ɗauki azumin Litinin da Alhamis tana roƙon sauƙi. Kowa a gidan ya san da azumin, Yasira ma ita ke dama mata kunun buɗa baki. Amma likita ya ce ƙwayar safe bayan karin kumallo ake sha, ranar azumi kuwa babu karin kumallo. Inna ba ta son saɓa maganar likita, ba ta kuma son zubar da magani, sai ta riƙa ƙullewa.

Dudu ta yi dariya har da tari cikin hayaƙi, ta ce Yaya ta kusa buɗe nata kantin magani. Inna ta ce ta kula da kifinta, ga na gefe can yana ƙonewa.

Yasira ta tsaya gaban kalandar. Yawancin zagayen a yammacin Litinin suke, ko Alhamis, ko washegari. Da hannunta ta yi su duka, ba ta taɓa duba ranakun ba.

A asibiti, likita ya daɗe yana juya ledar. Ya ce kuskuren har da nasa, bai tambaya ba. Ya ce ranar azumi ta sha ta safen da sahur, ta yamma bayan buɗa baki, kuma ba zai ƙara na uku ba tukuna. Bai yi alkawarin zai warke ba. Wasu ranakun da aka zagaye ba na azumi ba ne.

"To wata ukun nan, likita, daga ina za a ƙirga?"

"Daga yau, Inna."

A kwale-kwale Inna ta rufe tabon da mayafi saboda rana. Da suka iso, Dudu ta riga ta sauke kifi, rabinsa ya yi baƙi. Inna ta ɗauki ɗaya, ta shinshina, ta mayar cikin kwando. Ta ja tabarmarta zuwa bakin rumfa, ta ce wa Yasira ta juya kalandar zuwa sabon wata.