Baƙon Tebur Na Huɗu

"Baban Ana, don Allah ka shigo. Ya ƙi kwanciya."

Chuwang bai ko kai ƙofar ɗakinsa ba. Daga coci yake, ruwan Agusta ya biyo shi tun daga titi, baƙar kwat ɗinsa ta Lahadi ta sha ta ƙoshi. Mama Nimota ce ta tare shi a tsakar gidan hayar, ba takalmi, ba ɗankwali. Shekara goma sha ɗaya bangonsu ɗaya, bai taɓa ganin kanta a buɗe ba.

"Baba Salawu? Mutumin da jiya ko ruwa sai an ɗaga masa kai?"

"Zo ka gani da idonka."

Ya shiga. An jawo teburin keken ɗinki zuwa tsakiyar ɗakin, an lulluɓe shi da farin zanen gado. Kujera ɗaya. Kofin gilashi ɗaya. Faranti da dankalin Turawa da kabeji, wuƙa a wannan gefe, cokali mai yatsu a wancan. A bayan kujerar kuwa, ɗan hagu kaɗan, tsohon na tsaye cikin farar kwat mai maɓallan tagulla da jar ɗamara, tawul a hannu. Ƙafafunsa sun kumbura kamar turmi. Numfashinsa na fita da ƙara. Idonsa na kan ƙofa.

Shekara ashirin da uku Baba Salawu, mijin Mama Nimota, ya yi yana babban boyi a wani otal na Turawa a hanyar Bukuru, inda matafiya ke sauka in jirgin ƙasa ya ajiye su. Bara ƙafa ta sallame shi.

"Malamin asibiti ya zo da safe," in ji matar ƙasa-ƙasa. "Ya ce ba zai ga magariba ba. Mutumin na fita, sai Baba ya miƙe, ya ce in dafa, ƙarfe ɗaya ta kusa. Na dafa. Tun sannan yake nan. Na taɓa farantin, ka ga hannuna." Ta nuna masa shatin yatsu a wuyan hannunta. "Ni ban ce ya warke ba, Baban Ana. Ya kwanta kawai ta damansa, ya fuskanci gabas, in faɗa masa kalma ya amsa. Kar ya zube mini a ƙasa kamar akuyar da mota ta buge."

"Wa yake jira?"

Ruwa na dukan kwanon rufi.

"Wani Baturen kuza. Shekara tara ke nan. Ya sauka daga jirgi da rana, ya zauna a tebur na huɗu, ya ci rabi, ya ce yana zuwa. Baba ya tsaya a bayan kujerarsa har la'asar. Bayan kwana biyu aka tsamo shi a tafkin kuza. Ba Baba ne ya ɗauke farantin ba, ya ƙi. Madam mai otal ɗin ce ta sa wani."

Sai tsohon ya juyo da kai. Ya dubi kwat ɗin Chuwang, bai dubi fuskar ba. Ya ja kujerar baya da hannu biyu.

"Barka da dawowa, Masta."

Chuwang ya ja da baya. Wannan ne mutumin da kullum ke ce masa ɗan dutse mai kabeji, yana tsokanarsa wai karas ɗinsa sun fi shi ƙiba.

"Baba, ni ne fa. Chuwang."

"Abincin ya ɗan huce, Masta. Ban bari kowa ya taɓa ba."

Mama Nimota ta durƙusa, ta kama gefen kwat ɗin. "Ka zauna. Ka cinye masa, ya ɗauke farantinsa, ya huta."

A ƙauyensu Chuwang, abin da aka ajiye wa mamaci ko kare ba a bari ya lasa. Kuma da safen nan ya karɓi jibin Ubangiji a coci. Ya dubi farantin, ya dubi ƙafafun nan da ke rawa. Ya zauna.

Kujerar ta matso da shi daidai, ba ƙara. Aka shimfiɗa masa ƙyalle a cinya. Shekara goma sha biyu yana kai kayan lambu otal ɗin, kwando a ka tun daga Farin Gada, amma iyakarsa ƙofar baya ta kicin. Ɗakin cin abincin bai taɓa ganinsa ba, ƙarar cokula kawai yake ji ta bango, da dariyar mutanen da ba su san da shi ba.

Ya riƙe wuƙar kamar zai fere rogo. Dankalin ya tsere masa ya yi gefen faranti. Ya kamo shi da yatsa, ya saci kallon baya.

"Masta ya jiƙe," in ji muryar a kafaɗarsa. "Da sanyi a can ƙasa?"

Chuwang ya haɗiye lomar.

"Da sanyi," ya ce. Bai san daga ina amsar ta fito ba.

"Na faɗa wa Madam za ka dawo. Ta ce in tafi gida."

Ya ci da sauri, yana haɗiya ba tauna. Ya share farantin tas, ya ajiye wuƙar a dama, cokalin a hagu, ya jingina. Mama Nimota ta ɗaga hannu sama.

Tsohon bai ɗauki farantin ba. Ya ja ƙafa zuwa inda tukunyar take, taku uku da suka ɗauki kamar minti guda, ya dawo ta hagu, ya ƙara masa dankali biyu da kabeji. Ya koma wurinsa ya tsaya.

"Baba, na ƙoshi."

"Yessa."

Bai motsa ba.

Chuwang ya sake ci. Ya sake ajiye kayan. Aka sake zuba masa. A karo na uku cokalin zubin na kaɗawa a hannun tsohon, romo ya ɗiga a farin zanen, kuma wani abu ya fara kuka a ƙirjinsa kamar tafasar ruwa.

"Kashe shi muke yi," in ji matar. "Ka ce masa ka gama! Da Turanci ka faɗa!"

"Finish, Baba. Finish!"

"Yessa."

"To me ya rage? Mama, me suke yi in sun gama? Addu'a? Gyatsa?"

"Ni na taɓa shiga? Kwat ɗin kawai nake wankewa."

Chuwang ya juya gaba ɗaya a kujerar. Boyi ba ya gyara wa baƙo kuskure, ko zai mutu, wannan ya gane. Leɓen tsohon ya yi shuɗi-shuɗi. Idonsa kuwa ba a kan abincin yake ba, ba a kan baƙon ba. Yana kai shi dama, ya dawo da shi hagu. Wuƙa, cokali. Wuƙa, cokali.

Sai ƙofar baya ta faɗo masa a rai. Yana tsugune da kwandonsa yana jiran kuku ya duba latas, farantai na fitowa daga ciki a jere a hannun boyi-boyi. Dubbai ya gani. Wani an cinye, wani ko rabi ba a ci ba. Amma kowanne, wuƙa da cokali na kwance a tsakiya, gefe da gefe, manne da juna kamar mata da miji. Ya ɗauka boyi ne ke haɗa su don kar su zube.

Dankali biyu na nan a farantin. Ya ture su gefe. Ya ɗora wuƙar a tsakiya. Ya kawo cokalin, ya kwantar da shi kusa da ita, har suka yi ɗan ƙara.

Numfashi mai tsawo ya sauka a wuyansa.

Hannu ya zo ta dama, ya ɗauke farantin, ko kaɗan bai karkata ba. Baba Salawu ya kai shi bakin ƙofa, ya miƙa wa matarsa. Ya ninke tawul ɗin gida huɗu. Ya ɓalle maɓallin wuya.

"Taibat," ya kira matarsa da sunanta, da muryarsa ta gida. "Ƙafata na ciwo."

"Zo, Baba Nimota. Zo ka kwanta."

Chuwang ya yunƙura zai taimaka, ta girgiza masa kai, kar ya tashi, kar tsohon ya ɗauka baƙo na buƙatar wani abu. Don haka yana zaune, bayansa ga gadon, ya ji komai. Ƙarar katako. Kwance ɗamara. Muryarta tana maimaita kalmar shahada a hankali, sau ɗaya, sau biyu. A na uku wata murya ta bi ta, siririya, har ƙarshe. Daga nan sai tata kaɗai.

Ba ta yi kururuwa ba. Ta fita tsakar gida ta buga ƙofofi.

Maƙwabta suka fara shigowa, suna tuɓe takalma, suna salati ƙasa-ƙasa. Suka riƙa kewaye teburin a hankali, suna tattare riguna kar su goge shi. Alabi tela, wanda suke hira da Chuwang kowace yamma a ƙofar gida, ya wuce ta bayansa, ya ɗan rusuna, sannan ya sunkuya wurin matar.

"Mama, wane ne baƙon?"

Chuwang bai motsa daga kujerar ba. Hannayensa biyu na shimfiɗe a kan farin zanen, yana kallonsu, yana jiran wanda zai ja masa kujera.