Zafin Cikin Rumbu

Bana Dodo bai jira dawarsa ta bushe a kan kara ba. Da aka ce an ga 'yan bindiga a bayan garin Kanya, ya tara iyalinsa suka yanke ta da sauran danshinta, suka kwaso zuwa gidansa da ke gefen Zuru. Ya zuba a rumbu, ya liƙe bakin da laka. Abincin gidan ke nan har wata kakar.

Jikarsa Keziah, mai karatun kimiyya a jami'a, ta zo hutu da wata 'yar kwalba kamar ta turare, cike da ƙwayoyi farare irin na gishiri. Ta ce a ɗakin gwaji suke haɗa su. In an haska su da tocila mai shuɗin haske sai su yi ƙyalli: kore in wurin da sanyi, ja in da zafi.

"Tsoho, rumbunka na wari," in ji ta. "Bari in auna cikinsa."

"Ke da ba ki san kan fartanya ba? Kai wa kakarki wannan gishirin ta sa a miya."

Amma shi ma ya ji warin, tsami-tsami kamar na jiƙaƙƙiyar dusa. Ya daɗe yana kewaya rumbun shi kaɗai, bai gaya wa kowa ba.

Da rana tsaka ya huda jikin rumbun da kansa. Keziah ta ɗaure kwalbar a kan gora, ta tura kaɗan, ta jira, ta jawo ta bakin ramin inda ke da duhu, ta haska. Kore. Dodo ya sauke numfashi. Ta sake turawa, wannan karon har tsakiya. Da ta jawo ta haska, sai ga ja kamar garwashi.

"Sake," in ji shi.

Ta sake. Ja.

"Dahuwa take yi daga ciki, Kaka. In ba a shanya ta ba, ruɓewa za ta yi."

Wurin shanya ɗaya ne, falalen dutsen bakin hanya, inda duk mai wucewa a babur zai ga abin da Dodo ya mallaka, wani ma ya kai labari daji. Ya zura hannu cikin ramin har kafaɗa. Zafi ya kama masa yatsu. Ya zaro zangarniya, baƙa ƙirin, tana yauƙi.

Ya hau rumbun da gatari, ya fasa lakar. Tururi ya buge shi a fuska.

Dawar tsakiya ta riga ta lalace. Ta gefe da sauranta.

"Kira matan," ya ce, bai dube ta ba. "Kowa da kwando. A kai dutse."

"In an gani fa?"

"A gani."