Motar da Ba Ta Shan Ruwa

Illo yana kwance bakin rijiyarsa da dare sai ya ji wata ƙara da bai taɓa ji ba. Ba tari ba ce, ba gurnani ba, wata doguwar shewa ce siririya, kamar ana kaɗa mazari mai girman rumbu. Ta taso daga wajen Dosso, haskenta ya share rumfuna, ta miƙe Dogon Dutsi ko gudu ba ta rage ba. Da safe mata suka ce aljana doguwa ce. Illo kuwa ya ga sawun taya a ƙasa.

Duk motar haya da ta taɓa bin hanyar nan ya san muryarta. Ta fari, tun zamanin Nasara, akwatin katako ce aka jera wa benci, sai an murɗa mata ƙarfe a hanci take tashi. Sai mai dogon hanci da aka kawo shekarar da aka sauya tuta, mai tsani a baya. Sai Kurma, wadda ƙahonta bai taɓa kuka ba. Halinsu dabam, ƙishirwarsu ɗaya: kafin su gama hawan rairayin gaban Kore Mairuwa sun tafasa, dole su tsaya su sha. Don haka Illo ya bar wa ƙanensa gona, ya haƙa rijiya bakin hanya. Mota na sha, fasinja na saukowa, maƙwabciyarsa Asiya na sayar da ƙosai, mai shayi na hura wuta. Haka rumfuna suka yi ta tsirowa kewaye da rijiyar.

Da hantsi ya sake jin shewar, wannan karon daga arewa. Ya ɗauki garwa biyu cike da ruwa ya tsaya tsakiyar hanya.

Motar ta tsaya daf da shi, sabuwa fil, ƙarfe har rufi. Direban ya leƙo. Ashe Ambroise ne, ɗan unguwar mishan ta Dogon Dutsi, wanda ya daɗe yana jan mai dogon hanci.

"Baba Illo! Kashe kanka za ka yi?"

"Ruwa na kawo mata."

Ambroise ya sauko ya ɗaga murfin inji. "Zo ka gani da idonka."

Illo ya ajiye garwa ya leƙa. Ƙarafa ne jere masu haƙarƙari kamar na ramammiyar akuya, da wata fanka babba. Ya lalubi bakin da ake zuba ruwa, nan babu, can babu. Ƙarfen ya ƙona masa yatsa.

"Ina bakinta?"

"Ba ta da shi, baba. Fankar nan ke yi mata fifita."

Abin ya ba Illo sha'awa har ya yi murmushi. Ya zagaya ta, ya durƙusa ya duba cikinta, yana girgiza kai. Sai da ya miƙe murmushin ya gushe.

"Tsoffin fa?"

"Mai dogon hanci an mai da ta hanyar Gaya. Kurma an kwance ta, kaji ke kwana ciki. Masu motocin sun ce kafin damina duk irin wannan za su sa."

"Duka?"

"Duka."

Wani fasinja ya buga jikin mota yana kiran direba. "Kai sofer, zumunci muka biya ko tafiya?"

Asiya ta riga ta iso da kwanon ƙosai bisa kai, amma tagogin gilashi ne, a rufe, babu wanda ya miƙo hannu. Ambroise ya dubi garwa, ya kamfaci ruwa da tafi biyu ya sha, ya sake sha, har ya jiƙa riga.

"Ni dai ina sha, baba," in ji shi, bai ɗaga ido ba.

Shewar ta tashi, ƙura ta rufe su.

Illo ya komo da garwa biyun kusan yadda ya kai su. Ya tsaya bakin rijiya, ya rasa ko ya mayar da ruwan ciki ko ya zubar. Ya tuna gonar da ya bari, wadda yanzu 'ya'yan ƙanensa ke nomawa, sun ma dasa aduwa a kan iyaka. Mai shayi ya janye itace daga wuta yana turmuza shi cikin rairayi.

Asiya ta sauke kwanon, ta kore ƙuda, ta lulluɓe shi da gefen zane.

"Illo," ta ce, "to in jiƙa waken gobe?"