Maɓalli Ɗaya a Ɗakin Surajo

"Riƙe nan, Shehi. Kada ka yi numfashi a kai."

Na riƙe. Wani ɗan faranti ne kore, bai kai tafin hannu ba, an zana masa siraran layuka na jan ƙarfe. Surajo ya sunkuyo da ƙarfen narka dalma, hannunsa yana karkarwa. Shi ya sa yake kirana. Shehi kuma ba girmamawa ba ce, ba'a yake yi mini saboda littattafan da suka cika mini ɗaki.

Maƙwabcina ne a Kura, katanga ɗaya ta raba mu. Ya yi aikin lissafin rabon ruwan kanal na noman rani har ya yi ritaya, ya dawo gida da tsohuwar kwamfutar ofis da aka yi gwanjonta, mai girman buhun albasa. Ramukan cikinta na tsohon yayi ne, babu kayan zamani da ke shiga. Shi ne ya ɗora wa kansa ƙera mahaɗi: gefe ɗaya ya zauna a tsohon rami, ɗaya gefen ya karɓi sabon katin ajiya. Na farko ya ƙone har ƙauri ya kai gidana. Na biyu ya shiga, kwamfutar ta yi kamar ba ta san da zamansa ba.

"In ta yi, me za ka yi da ita?" na tambaye shi.

"Zan san ta yi."

"Mutane suna noma shinkafa, kai kana yi wa tsohuwa haƙoran roba."

"Kai da kake hira da matattun marubuta? Tawa ko banza tana da fanka."

Tun rasuwar Zuliha, matata, babu mai mayar mini da magana sai shi. Sauran mutane gaishe ni suke yi, abin da ya fi zagi ciwo.

Ranar wata Talata ya cusa sabon mahaɗin, ya kunna. Kwamfutar takan daɗe kafin ta farka, kuma duk lokacin da ta mutu sai ya sake saita wasu lambobi da shi kaɗai ya sani. Aka kira La'asar.

"Bari in yi alwala kafin gimbiya ta tashi," in ji shi. "Kada ka taɓa mini komai."

Na ji faɗuwar buta a tsakar gida. Da na fita na same shi a jingine da randa, hannu ɗaya a jiƙe har gwiwa, ɗaya a bushe. Kafin a samo mai adaidaita ya cika.

Aka binne shi kafin Magariba. Da muka dawo daga maƙabarta, ƙanensa Alhaji Uba, mai injin casar shinkafa, ya riga ya sa wa ɗakin kwaɗo.

Washegari na leƙa ta taga. Kwamfutar tana kunne, sola na ba ta wuta. A fuskarta akwai layi biyu na Turanci: ta ga sabon abu a jikinta, a danna kowane maɓalli don ci gaba. Ɗan farin layi yana ƙiftawa a ƙasa.

Na sami Uba a wurin zaman makoki, yana raba wa mutane dabino.

"Alhaji, a buɗe mini ɗakin nan. Maɓalli ɗaya zan danna."

"Haba Malam Lukmanu, kai da ka yi karatu. Dukiyar magada ce. Ko tsintsiya ba za a ɗaga ba sai an yi rabo."

"Yaushe rabon?"

"Sai Abdulsamad ya dawo." Ɗan marigayin ke nan, yana can ƙasar waje, ko wayarsa ba a samu ba tukuna.

"Ba ɗauka zan yi ba. So nake in san ko abin da ya ƙera ya yi aiki."

"To in ya yi, wa za ka gaya wa?" Ya miƙo mini dabino. "Ka yi masa addu'a, ita ce za ta amfane shi."

Na karanta babin gado tun Uba yana yawo ba wando, babu inda aka hana danna maɓalli. Amma mutumin da bai taɓa zama awa ɗaya a ɗakin yayansa ba, yanzu shi ne mai tsaron ƙofarsa, kuma mukulli a aljihunsa yake.

Aka yi sadakar uku, aka yi ta bakwai, aka naɗe tabarmi. Unguwar ta koma yadda take: babura, buhuna, ƙarar injin casa.

Wata rana da hantsi, maza duk sun tafi gona sakin ruwa, na samo dogon karan dawa. Na zura shi ta tsakanin ƙarafan taga. Ya kai, har da saura. Bakinsa ya tsaya a kan babban maɓallin tsakiya.

In ta yi, babu wanda zai ce mini, "Ka gani, Shehi?" In ba ta yi ba, babu wanda zan yi wa dariya. Kowanne ya fito, an gama ke nan. Na daɗe a tsaye, fankar tana ta gurnaninta a cikin ɗakin da babu kowa. Sai na janye karan a hankali, kada ya gogi wani abu.

Na ɗaura masa tsumma a baki. Ƙaiƙayin injin Uba yana sauka a unguwar kullum, yana rufe farantin solar da ke kan rufin Surajo. Daga tsakar gidana, in na hau turmin Zuliha, karan yana kaiwa. Nakan goge farantin da safe, in sake gogewa bayan Azahar, don kada kwamfutar ta mutu.

Da yamma nakan fito da kujera in zauna a gindin tagar da littafi a cinya. Masu dawowa daga gona su gaishe ni, in ɗaga hannu. In rana ta yi ƙasa, hasken ɗakin yakan fito ta ƙarafan, ya kwanta a kan shafin da ban juya ba.