Kunnen da Ya Rage

Dokar gidanta ɗaya ce: kowane abu da wurinsa. Takalma a bakin ƙofa, littattafai a kan teburi, fensira cikin gwangwanin madara, wayar caja a ƙusar bayan ƙofa. Falon nan shi ne aji da safe, shi ne wurin cin abinci da rana. Ita ce malama, ita ce mai shara. Tun ranar da wani malami ya sharara wa Dogo, ɗanta na fari, mari har kunnensa na hagu ya zubo da jini ya daina ji, ta kwaso shi da ƙanwarsa Auta daga makaranta, ta sayi allo ta kafa a bango.

Mijinta direban babbar mota ne, sai ya yi makonni a hanya. Ya bar maganar yara a hannun yayansa, shi kuwa Yaya bai taɓa yarda da wannan karatun ba.

"Zan zo in ga makarantar taki," ya ce mata ta waya. "In na tarar da shirme, gobe su koma aji."

Yau ce ranar. Tun da sassafe ta share, ta goge, ta ba su lissafi, ta shiga kicin. Daga can ta jiyo muryar Auta.

"Miƙo min abin gogewa. Kai! Da kai nake, kurma kawai!"

Sai ƙarar faɗuwa.

Ko da ta fito, Dogo ya danne Auta a ƙasa, ya cika hannu da gashinta yana gwara goshinta da siminti. Ita kuma ta kafa masa haƙora a damtse, ta ƙi saki. Ƙafarsa ta shuri teburi, teburin ya kife. Kofin gilashi ya tarwatse, ruwa ya malale littattafai, fensira suka watsu har ƙarƙashin kujera. Goshin Auta ya fashe, jini na gangarowa ta gefen hancinta.

Uwar ta fizge Dogo ta wuyan riga, ta wurgar da shi jikin bango har allon ya faɗo. Idonta ya rufe. Ba ta san lokacin da hannunta ya kai bayan ƙofa ba. Ta ninka wayar caja biyu, ta ɗaga sama.

Yaron bai gudu ba, bai yi kuka ba. Ya sa tafukansa biyu ya toshe kunnen dama, ya juyo mata da na hagu, wanda ya riga ya mutu.

Hannunta ya sandare a sama.

"Yauwa! Ashe wannan ce makarantar."

Yaya ne, ya shigo ba sallama, da takalminsa har tsakiyar falo, gilashi na ƙara a ƙarƙashin sawunsa. Ya dubi jinin, ya dubi teburin.

"Filin dambe kika buɗe, Malama? Ba ni wayar nan. Mace ina ta iya duka, sai dai ta yi wa yaro susa."

Ya zare wayar daga hannunta, ya saitata kan Dogo, ya kawo ta da iya ƙarfinsa. Ita dai ta ga inda wayar ta nufa: wajen tafukan nan biyu. Ta faɗa tsakani. Wayar ta naɗe mata hannu daga gwiwa zuwa wuyan hannu, fata ta tsage. Ya riga ya sake ɗagawa, ta biyu ta same ta a wuya. Ta uku ba ta sauka ba, domin ta cafke wayar, ta fizga har ya yi taga-taga ya dafe bango.

"Ke! Da ni za ki yi kokawa?"

"Yaya, kunne ɗaya ya rage masa." Numfashinta na fita da ƙyar. "Shi kaɗai. A kan kunne na cire shi daga makaranta. Ba zan bari a ƙarasa shi a falona ba, ko kai, ko ni."

"Yanzu zan kira ƙanena ya ji tarbiyyar da ake yi masa a gida."

"Kira shi ta bidiyo, don Allah." Ta ɗaga hannunta, jini na ɗiga daga gwiwar. "In ya gama ganin teburi, sai ya ga wannan, ka faɗa masa ina ka nufa da wayar cajar."

Yaya ya dubi hannun. Ya dubi yaron da har yanzu bai saki kunnensa ba. Wayar salular da ya ciro ta koma aljihu.

"Ki ji da kayanki. Na cire hannuna daga maganarku."

Ya fita, ya bar sawun takalmi a jiƙaƙƙen littafin lissafi.

Ta sa sakata. Ta mayar da wayar caja kan ƙusarta. Ta ɗauko auduga ta danne goshin Auta, tukuna ta durƙusa ta ɓangaren dama na Dogo, ta cire masa tafukan a hankali.

"Kana ji na?"

Ya gyaɗa kai.

"Wa ya fasa kofin?"

"Ni."

"To ka san inda tsintsiya take. Sa takalmi, akwai gilashi. Ke kuma mai baƙin baki, riƙe audugar nan da kyau. In jinin ya tsaya, ni da ke muna da magana a kan kalmar da kika kira yayanki."

"Mama, hannunki," in ji Auta cikin shessheƙa.

"Na gani. Ɗaga ƙafarki, fensira na ƙarƙashinki."