Ranar Da Firinta Ta Samu Suna

Halima Sadiya ta sauka daga babur a ƙofar ƙaramin asibitin haihuwa na gwaggonta da ke Ajingi tun rana ba ta yi zafi ba. Wata uku ke nan da ta gama karatun kwamfuta tana zaune a gida a Gaya, kuma wannan ne aiki na farko da aka taɓa kiranta ta yi. Don ɗoki, ko karin kumallo ba ta tsaya ta yi ba.

Gwaggo Hansai, ungozomar da ta buɗe wurin bayan ta yi ritaya, ta tare ta a baranda.

"Sadiya, firinta ce ke neman haukata mu. Da an ɗauke wuta an koma kan sola, sai kwamfutocin nan su ce ba su san ta ba. Jiya mata huɗu suka zauna har la'asar suna jiran takardar gwajin jini."

Sadiya ta zagaya ɗakunan ta dudduba, ta dawo tana murmushi.

"Gwaggo, na gano. Akwai manhajar da ake kira DHCP, ita ke ba kowace na'ura lamba idan ta shigo netwok, wato layin da ya haɗa na'urorin nan. In wuta ta tafi ta dawo sai ta sake rabo, firinta ta samu wata lambar daban, su kuma kwamfutoci suna can suna kiran tsohuwar."

"To mene ne maganin?"

"Suna za mu sa mata. Akwai wata manhajar, DNS, da ke riƙe da jerin sunaye. Zan haɗa su biyun, ta yadda da zarar DHCP ta ba da lamba, nan take za ta sanar da DNS cewa wance ga sabuwar lambarta. Daga nan da suna za a riƙa kiran firinta, ko lambar ta canza sau goma."

"Ni dai ta fitar da takarda," in ji Gwaggo.

DHCP ɗin na cikin wani ɗan akwati da ke maƙale a bango. DNS kuwa Sadiya ta ɗora ta a kan wata tsohuwar kwamfuta da ke ɗakin gwaji. Ta ƙirƙiri mabuɗin sirri ta sa wa kowannensu, don kada DNS ta karɓi saƙo daga wanda ba ta sani ba. Ta bi na'urorin ta raɗa musu suna: firinta, gwaji, magani, ofis. Sannan ta ce bismillah ta gwada.

Babu abin da ya faru. DHCP ta aika saƙo, DNS ta ƙi karɓa. Sadiya ta sake kwafe mabuɗin harafi bayan harafi har sau uku, amsar dai ɗaya ce. Gumi ya fara tsattsafo mata a ƙarƙashin mayafi.

Malam Bubayero, mai gwajin jini, yana gefe yana jera kwalabe. Ya ce, "Ranki ya daɗe, in kin gama da wannan ki duba mana kwanan watan tsohuwar kwamfutar nan. Kullum shekarar 2012 take buga mini a takarda, sai na bi da biro ina gyarawa."

Sadiya ta miƙe zumbur har kujera ta faɗi.

"Malam, me ka ce? Agogo ne! Wallahi agogo ne!"

Ta yi masa bayani cikin sauri, kalmomi na rige-rigen fita. Kowane saƙo yana tafiya da lokacin da aka aiko shi, kuma in agogon na'urorin biyu ya saɓa da fiye da minti biyar, DNS za ta ɗauka na jabu ne. Nan kuwa ba minti biyar ba, shekara goma sha wani abu ne tsakaninsu. Ta buɗe cikin kwamfutar, ta zaro ɗan batirin da ke riƙe mata agogo, mai faɗin kwabo, wanda ya daɗe da mutuwa, ta fita da sassarfa zuwa bakin kasuwa. Kamilu mai gyaran agogo ya zazzage gwangwaninsa kaf kafin ya samo irinsa guda ɗaya.

Da ta dawo ta sa batirin ta saita lokaci, sai sunaye suka fara bayyana a fuskar kwamfutar ɗaya bayan ɗaya, kowanne da lambarsa a gefe.

"Ban yarda ba sai na gani," in ji Gwaggo. Ta je da kanta ta kashe babban makunnin wuta, ta jira jim kaɗan, ta kunna. Ma'aikata suka taru a ƙofar ɗakin gwaji. Da komai ya tashi, Sadiya ta nuna musu firinta ta samu sabuwar lamba. Malam Bubayero ya danna umarnin buga takarda. Sai ga ƙugin firinta, takarda ta fito da ɗuminta, da kwanan watan yau a samanta.

Gwaggo ta rangaɗa guɗa har masu jira a baranda suka leƙo. Ta rungume Sadiya tana cewa, "Allah Ya yi miki albarka, 'yar nan!"

Ana cikin haka wani sabon suna ya faɗo ƙasan jerin, domin wayoyin ma'aikata ma sun fara shigowa da sunayen da masu su suka sa musu. Gwaggo ta gyara tabarau ta karanta da ƙarfi.

"Angon-Zuhra. Wane ne kuma wannan?"

Zuhra, mai ba da magani, ta ja mayafi ta rufe fuska ta fice da gudu. Malam Bubayero ya shiga laluben aljihu yana neman kashe wayarsa. Ɗakin ya kaure da dariya.

"Gwaggo, bari in gyara," in ji Sadiya tana share hawayen dariya. "Na'urorin asibiti kaɗai ya kamata su riƙa shiga jerin."

"Gyara abinki," in ji Gwaggo. Ta juya ga Malam Bubayero. "Kai kuma biyo ni ofis. Tun yaushe ake wannan magana ban sani ba?"